Maigadin da Aka Ba Dorina

Shekara huɗu na yi ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a Ƙanƙara, kuma kowace safiya sai na wuce ta gaban Baba Gide, maigadinmu. Ban taɓa son mutumin ba, shi ma bai taɓa ɓoye cewa ba ya yi da ni ba. Gajere ne mai kaurin wuya, yana ɗingisa ƙafar hagu. Bencinsa na ƙarƙashin icen bedi, wato darbejiya, da ke bakin ƙofa, makullan makaranta na rataye a ƙugunsa. In ka gaishe shi sai ya gama kallonka daga sama har ƙasa kafin ya amsa, in ya ga dama.

Yawancin abin da na sani na rayuwarsa daga bakin matarsa Fatsuma na ji shi. Ita ce ke soya wa yara awara lokacin hutun tara, kuma mace ce mai son hira, kishiyar halin mijinta.

A wani ƙauye bayan Ƙetare aka haife shi. Aji biyu ya yi a firamare ubansa ya cire shi ya tura shi bin shanu. Uban mutum ne mai zafin hannu, da igiyar ɗaure maraƙi yake dukan 'ya'yansa, kuma Gide ya girma yana alfahari da haka. Yakan ce duk abin da ya zama a duniya, igiyar nan ce ta yi shi. Ya yi noma kusan shekara talatin, dawa da masara, wani lokaci auduga. Da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, aka kore masa shanun huɗa, noma ya gagara, sai ya kwashi iyalinsa suka koma Sheme. Can ya shiga dako a kasuwar hatsi yana da shekara hamsin, cikin samarin da ya haifa. Wata rana buhun masara ya suɓuce daga saman mota ya sauka a gwiwarsa. Daga nan dako ya ƙare.

Alhaji Mas'udu, mai makarantarmu, ɗan kasuwar hatsi ne kafin ya buɗe makaranta, kuma a Sheme ya san Gide. Shi ya kawo shi Ƙanƙara. Ba a ba shi takardar ɗaukar aiki ba, ba a faɗa masa iyakar aikinsa ba. An nuna masa benci, an miƙa masa makullai.

Bai son yaran. Wannan ba zato nake ba, da bakinsa yake faɗa. Yana ganinsu da safa da jaka da gorar ruwa sai ya yi tsaki ya ce, "Ɗiyan hutu. Ko kaza ba su iya korewa."

A shekarata ta biyu makara ta yi yawa a makarantar. Malamin da ke kula da horo ya samu aikin gwamnati ya tafi, mu kuma sauran ba wanda ke son tsayuwa a ƙofa. Wata Litinin, a taron safe, Alhaji Mas'udu ya fito daga ofis da sabuwar dorina a hannu. Ya kira Baba Gide gaban ɗalibai sama da ɗari uku, ya ɗaga dorinar kowa ya gani, sannan ya ɗora masa a hannu.

"Daga yau," in ji shi, "duk wanda ya zo bayan ƙarfe takwas, Baba Gide ne alƙalinsa. Uku-uku. Mace ko namiji, ɗan kowane ne."

Malamai suka yi tafi. Ni ma na yi. An sauke mana nauyi, abin da na gani ke nan a ranar.

Cikin wata guda mutumin ya canja. Ya ɗinka kaki, ya samo hular sojan gona, ya daina zama a benci. Uku ta koma biyar, biyar ta koma yadda ransa ya so. Wanda ya sha bulala kuma sai ya yi tsallen kwaɗo daga ƙofa har bakin ajinsa. Yara suka sa masa suna Uku-uku, suna faɗa a ɓoye. Ya fara hukunta abin da ba makara ba: takalmi mara tsabta, hijabi mai wani launi, yaron da ya wuce bai rusuna ba. Iyaye da yawa abin ya yi musu daɗi. Na sha ganin uba ya sauke ɗansa daga babur ya ce, "Baba, ga shi nan, yau da ƙyar na tashe shi, a gyara mani shi."

Sau ɗaya na yi masa magana. Wata yarinya ce ta shigo ajina ta kasa riƙe biro saboda kumburin hannu. Na same shi a ƙofa na ce, "Baba, a riƙa sassautawa, musamman ga 'yan mata."

Ya dube ni kamar ya ga abin ƙyama.

"Malama Bilki, ke alli aka ba ki, ni wannan aka ba ni. Na taɓa shiga ajinki na ce ga yadda za ki yi?"

"Ba haka nake nufi ba, Baba."

"To mi kike nufi? Ku da kuka yi bokon kun kasa, aka kira jahili ya yi maku. Ki tahi wurin wanda ya ba ni."

Na je. Alhaji Mas'udu bai ko ɗago kai daga wayarsa ba. Ya ce, "Malama, saboda wannan horon mutane ke kawo mana 'ya'yansu. Ki je ki yi aikinki." Na koma aji, ban sake tayar da maganar ba.

Dorinar ta sha aiki har bakinta ya tsage. Baba Gide bai nemi sabuwa ba. Ya samo siririyar waya irin ta ɗaure shinge ya naɗe bakin da ita. Duk mun gani.

Hafiza tana aji biyu na ƙaramar sakandare, shekararta goma sha uku. 'Yar Rabo ce, mai injin niƙa a bayan tasha. Yarinya ce mai kaifin kai da saurin baki, tana zama a layin gaba a ajina. Wata Talata cikin damina mahaifiyarta ta tashi da zazzaɓi, Hafiza ta raka ta asibiti, ta iso makaranta takwas da kusan rabi. Ubanta ya rubuta mata 'yar takarda ta ba da uzuri. Da ta iso ƙofa akwai wasu 'yan mata huɗu a durƙushe suna jiran nasu. Ta miƙa wa Baba Gide takardar.

"Mi ne ne wannan?"

"Daga babana ne, Baba. Ka karanta."

Baba Gide bai iya karatun boko ba, kuma kowa ya sani. Ɗaya daga cikin 'yan matan da ke durƙushe ta ƙyalƙyale da dariya, sauran suka kama. Ya buge takardar ta faɗi ƙasa, ya ce Hafiza ta juya baya. Ta juya. Ya zuba mata ɗaya. Da ya ɗaga ta biyu sai ta waiwayo tana nuna takardar a ƙasa, tana cewa, "Wallahi mamana ce..." Bakin wayar ya same ta a idon hagu.

Ajina ne mafi kusa da ƙofa. Ban taɓa jin ihu irin wannan ba. Na fito na same ta a ƙasa ta dafe fuska, jini na bi ta tsakanin yatsunta. Baba Gide na tsaye da dorinar a hannu, yana maimaitawa, "Ita ta juyo. Kun gani, ita ta juyo."

Na kira Alhaji Mas'udu a waya. Abin da ya fara cewa shi ne kada a kai ta asibiti tukuna, a kai ta kemis ɗin bayan makaranta a wanke, kuma kada a kira gidansu sai ya zo. Muka kai ta kemis. Mai kemis ya ɗaga hannunta ya duba, ya ce shi ba zai taɓa ba. Sama da awa ɗaya muka ɓata kafin na tari ɗan acaba na riƙe ta a tsakiya muka tafi asibiti. Daga can aka wuce da ita Katsina. Idon bai tsira ba.

Kafin azahar Rabo ya iso makaranta da ƙarfen tayar da inji a hannu, garin niƙa a gemunsa, mutanen tasha na biye da shi. Baba Gide ya kulle ƙofa daga ciki. Aka yi ta jifa, aka fasa tagogin aji biyu, yara na kuka a ƙarƙashin tebura. Rabo na dukan ƙofar yana cewa, "Ka fito! Ka fito in cire naka!" 'Yan sanda ne suka fitar da Gide a bayan mota, da dorinar a cikin leda. Da ba su zo ba, gawarsa za a ɗauka.

Washegari Alhaji Mas'udu ya tara mu a ofis. Ya ce makarantarsa ba ta taɓa ba maigadi izinin dukan kowa ba, mutumin ya yi gaban kansa ne. Ya fito da wani sabon littafi mai bangon shuɗi, an rubuta Littafin Horo a kai, an cika shafuka da ranakun baya, duk da biro ɗaya. Ya kuma fito da takarda ya ce kowa ya sa hannu a kan cewa shugaban makaranta kaɗai ke hukunci. Mu goma sha ɗaya ne. Tara suka sa. Wani ya ce zai yi fitsari, bai dawo ba. Ni na ce sai na yi shawara da maigidana. Alhaji ya ce, "Ki yi shawarar da kyau."

Bayan kwana uku wani jami'i ya zo daga ofishin ilimi, dattijo mai tabarau. Ya juya littafin, ya shinshina shi, ya ajiye. Ya tambaye mu wa ke da ikon hukunta ɗalibi a makarantar nan. Muka dubi juna. Ya ce aikin maigadi ƙofa ne, ba shi da hurumin ɗaga wa ɗan kowa hannu, kuma mai makaranta ba shi da ikon ba shi wannan hurumin. Ya ce daga lokacin da yaro ya shigo ƙofa har ya fita, amanarsa na wuyan makaranta. In ya ji ciwo, wajibi ne a kai shi asibiti nan take a kuma sanar da iyayensa. Sannan ya ce, "Akwai wanda ya taɓa ganin an ba mutumin nan dorina?" Ba wanda ya ɗago kai. Ni ma ban ɗago ba.

Da la'asar ranar Fatsuma ta zo gidana. Ta ƙi zama a tabarma, ta durƙusa a tsakar gida.

"Malama, kina wurin ranar da aka ba shi dorinar. Ina bakin kaskona na gan ki. Ban ce bai yi laifi ba, ya yi. Amma shi kaɗai za a bari da shi?"

Na ce mata zan duba. Da ta fita maigidana Yahya ya ce babu ruwana, mutumin da ko gaisuwata ba ya amsawa ba zan rasa aikina a kansa ba. Gaskiya ni ma haka na so.

Da aka dawo da Hafiza gida na je duba ta. Rabo ya tare ni a zaure.

"Mi kika zo yi? Alhajinku ya aiko ki? Ya turo mani dattawa har sau biyu wai a yi sulhu. Ki faɗa mashi idon ɗiyata ba abin sulhu ba ne."

Matarsa ce ta fito ta ja ni ciki. Hafiza na kwance, an rufe rabin fuskarta da bandeji. Na yi mata sannu, na ce Allah Ya isar mata a kan mugun tsohon nan. Ta dube ni da ido ɗayan ta ce, "Malama, ai ke ma kin yi tafi ranar da aka ba shi."

Na miƙe. Na fito ko sallama ban yi wa Rabo ba. Kashegari na je na ba da sunana a matsayin mai shaida.

An yi wata biyar ana shari'a. Lauyan da aka ba Baba Gide matashi ne, ya tsaya a kan cewa doka ta yarda a hori yaro don gyara, kuma wanda yake karewa umarni ya bi. Aka kira Alhaji Mas'udu. Ya zo da babbar riga fara, ya ce bai taɓa ganin dorinar ba sai a hannun 'yan sanda. Baba Gide ya miƙe daga inda aka ajiye shi.

"Ƙarya kake, Alhaji! Kai ka ba ni! A gaban ɗiyan mutane ka ba ni, ka ce uku-uku!"

Sai da aka danne shi ya zauna. Bayan haka aka kira ni. Na faɗi ranar, na faɗi kalmomin, na faɗi zancen kemis da littafin mai bangon shuɗi. Lauya mai gabatar da ƙara ya tambaye ni me ya sa ban kai ƙara ba tun shekara biyu da suka wuce. Na ce tsoron rasa aiki. Ya ce to ashe ke ma mai laifi ce. Na ce e.

Ranar hukunci alƙali ya yi magana a hankali yadda kowa zai gane. Ya ce sassaucin da doka ta yi na horon yaro, uba ta yi wa da malamin da aka damƙa wa yaron, kuma ko su da iyaka: da zarar an yi mummunan rauni, babu wanda ta kare. Maigadi ba malami ba ne. Umarnin maigida kuma ba ya halatta abin da doka ta hana, sai dai ya ƙara yawan masu laifi. Ya ɗaure Baba Gide shekara ɗaya da rabi, ya ce a aika wa hukumar ilimi abin da ya fito game da makarantar. Da ake fita da shi ya wuce ta gabana. Na zaci zai ce wani abu. Ya tofar da yawu a gefe ya wuce.

An rufe makarantar zango ɗaya. Alhaji Mas'udu bai kore ni da baki ba, kawai da za a koma na je na samu an ba wani malami ajina. A unguwa kuwa na ga abin da ban zata ba. Iyayen yara suka ce ni na jawo 'ya'yansu ke zaune a gida. Wata mata da muke gaisawa shekara da shekaru ta tare ni a wurin biki ta ce, "Ke ba a dake ki ba kika zama malama?" Dangin Rabo kuma suka ce na je na rage wa azzalumi laifi. Ba ɓangaren da ya karɓe ni. Da aka sake buɗe makarantar an yi sabon fenti, an kafa allo a ƙofa mai ɗauke da dokoki goma sha biyu, an ɗauko maigadi mai fara'a. Wata tsohuwar abokiyar aikina ta gaya mini har yanzu ana duka, sai dai a cikin aji, bayan an rufe ƙofa.

Rabo ya shigar da makarantar ƙara daban. Ana ta ɗagawa, har yau ba a gama ba. Hafiza ya kai ta Mairuwa wurin gwaggonta, don ta ce ba za ta iya bin titin makarantar ba. Can ta ci gaba da karatu. Ni kuma Yahya ya samu canjin wurin aiki zuwa Faskari, na samu wata makaranta a can.

Tun Gide na gidan yari aka tashi Fatsuma daga ɗakin da makaranta ta ba su. Ta koma Sabuwa wurin yayanta Audi. Da ya fito, can ya bi ta, don ba shi da inda za shi. Ƙauyensu ba kowa, Ƙanƙara kuwa ba zai shigu ba.

Bara na je Sabuwa gaisuwar rasuwa, na gan shi a bakin kasuwa. Yana zaune a kan buhu yana tufka igiya daga zaren tsofaffin buhuna, ya rame, wuyan nan ya zube. Na so in wuce, amma ya riga ya gan ni.

"Malama Bilki. An zo kallo?"

"A'a, Baba. Gaisuwa na zo. Ya jiki?"

"Jiki ga shi kina gani. Shaidarki mi ta yi mani? Ni na kwana a ciki, shi yana gida yana shan iska. Da kin yi shiru ma da duk ɗaya ne."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ba don kai na yi ba."

"Na sani."

Ya ci gaba da tufkarsa. Na tambaye shi ko ya taɓa neman gafarar yarinyar. Ya ce ya je Ƙanƙara sau ɗaya bayan fitowarsa, ya tsaya a ƙofar injin Rabo tun hantsi. Rabo ya gan shi, ya ƙara wa injin wuta, ya bar shi a tsaye yana magana ba mai ji, har ya gaji ya tafi.

"Ba zan koma ba," in ji shi. "Na yi nawa."

"Ba ka yi ba, Baba. Ba Rabo ka cire wa ido ba."

Ya ɗago a fusace, na ga tsohon Giden nan na bakin ƙofa. Ya ce in tashi daga gaban kayansa ina tare masa masu saye. Na juya. Na yi taku kaɗan sai na ji muryarsa a bayana, ƙasa-ƙasa.

"Tana gani da ɗayan sosai?"

Na ce tana gani, bana ma za ta rubuta jarrabawar gama sakandare. Ya koma kan igiyarsa. Wani mai akuya ya tsaya yana taya igiya, suka shiga ciniki, Baba Gide yana yi masa tsawa a kan ya raina masa aiki. Motar Faskari saura mutum biyu ta cika, na yi sauri na shiga.